Indiya a Taragon Jirgi: Daga Mahaɗar Kafanchan Zuwa Sitocin Cittar Kochi

Jirgin ƙasa ne ya raya Kafanchan. A 1927 layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya ratsa Inugu da Makurɗi ya iso garinmu, a nan ya rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau tudun Jos. Ma'aikatan reluwe daga kowace kusurwa ta Najeriya suka sauke kaya suka zama 'yan gari. Yau ciyawa ta ci layin, taragu sun yi tsatsa a inda aka bar su, yaran da aka haifa bayan nan da yawansu ba su taɓa jin kukan jirgi da dare ba. Wannan kewar ce ta sa da na ƙuduri niyyar ganin wata ƙasa ta Asiya ni kaɗai, na zaɓi Indiya. Abu biyu nake son gani da idona, kuma duk biyun namu ne a gida: jirgi da citta.

Gwaggona ta riƙe haɓa da na je yi mata sallama. "Ɗan nan, kai kaɗai? Ƙasar da ba ka da ko kare?" Tana da gaskiya, don baƙo ko da ido makaho ne, balle a ƙasar da mutanenta suka haura biliyan 1.4. Tun 2023 Indiya ta sha gaban Sin a yawan jama'a. Jihohinta 28 ne, tsarin mulkinta ya amince da harsuna 22, kuma Indiyancin da muka saba ji a finafinai yaren arewa ne, mutumin kudu yana da nasa harshen da nasa rubutun dabam. Kusan kashi 80 cikin ɗari mabiya addinin Hindu ne. Musulmi, a ƙidayar 2011, sun kai kimanin miliyan 172, Kiristoci kuwa sun ɗan wuce kashi 2 cikin ɗari. Indiya ta karɓi 'yanci daga Turawan Ingila a 1947, shekara 13 kafin mu.

Shirin tafiya ba shi da wani sirri: biza daga ofishin jakadancinsu a Abuja, da katin rigakafin shawara wanda ba sa wasa da shi, sai jirgin sama ta Addis Ababa zuwa Mumbai.

A Mumbai jirgin fasinja na farko a ƙasar ya tashi, ranar 16 ga Afrilun 1853, ya yi tafiyar kilomita 34 zuwa Thane. Babbar tashar birnin, wadda a da ake kira Victoria, yanzu Chhatrapati Shivaji Maharaj, gini ne mai hasumiyoyi da sassaƙa kamar fadar sarki, kuma tun 2004 hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya. Ni dai abin da ya tsayar da ni shi ne jama'ar da ke kwarara ciki da waje kamar tururuwa. Layin dogon Indiya ya kai kimanin kilomita 68,000, tashoshi sun haura 7,000, kuma mutum sama da miliyan 20 ke hawa a kowace rana. Mai mulkin mallaka ɗaya ne ya shimfiɗa nasu da namu, don kwasar auduga a can da kuza da gyaɗa a nan. Su sun riƙe nasu sun faɗaɗa shi sun ja masa lantarki. Na tsaya a dandamalin tashar nan zuciyata tana Kafanchan.

Ga mai tafiya shi kaɗai, taragon kwana shi ne masauki, shi ne kasuwa, shi ne zauren hira. Ana sayen tikiti ta intanet tun da sauran makonni, don wuri yana ƙarewa, kuma sunanka da lambar gadonka suna rubuce. Gadajen hawa uku ne. Shawarata ka nemi na sama, domin na ƙasa da rana kujerar kowa ne, na tsakiya kuwa sai dare ake buɗe shi. Mace mai tafiya ita kaɗai tana iya neman gurbin da aka keɓe wa mata. Tun asuba mai shayi zai ratso yana kiran "chai, chai", shayi mai madara da citta a ɗan ƙaramin kofi. Kafin a yi tasha uku an tambaye ka ƙasarku, da sana'arka, da ko kana da aure, an miƙo maka gurasa daga kwanon iyali. Wani dattijo da muka zauna fuska da fuska ya sa jikansa ya riƙa duba mini jaka duk sanda na tashi, ban roƙe shi ba.

Hanyar da na bi ta gangara kudu ne ta gaɓar Konkan, layin da aka buɗe a 1998, tsakanin duwatsu da teku. Gadojinsa sun haura 2,000, ramukan da aka fafe cikin dutse kusan 90, mafi tsawo ya wuce kilomita 6. Jirgi ya shiga duhu, ya fito a kan kogi, ya sake shiga duhu. A wannan gaɓar akwai tarihin da ya kamata kowane baƙar fata ya sani. Kusa da garin Murud, a tsakiyar ruwa, ganuwar Janjira take, wadda Siddi, mutane 'yan asalin Afirka, suka mulka ɗaruruwan shekaru. Malik Ambar, wanda aka kamo daga Habasha yana yaro aka sayar, ya zama jagoran daular Ahmadnagar, ya hana sarakunan Mughal sakat har rasuwarsa a 1626. Zuriyar Siddi suna nan a jihohin Karnataka da Gujarat.

Duk da wannan tsohuwar alaƙa, ɗan Afirka zai sha kallo, wani lokacin har da abin da ya fi kallo. A watan Maris na 2017 gungun mutane sun far wa ɗaliban Najeriya a Greater Noida, kusa da Delhi, bisa zargin da ba a tabbatar ba. Akwai masaukin da ya ce mini babu ɗaki bayan mai karɓar baƙi ya ga koren fasfo. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, na kuma kwana ina tunanin yaranmu da ke karatu a can shekara da shekaru. Ka riƙe takardunka a jiki, ka kama masauki tun kafin ka isa gari, ka guji isa baƙon wuri da tsakar dare.

Bayan fiye da kwana guda a kan hanya, sai ga Kerala. Wanda ya san Kagoro a watan Agusta zai gane wannan koren, sai dai a nan bishiyar kwakwa ce ko'ina, da fadamun shinkafa, da ruwa kwance a bayan gidaje. Damina tana shigo wa Indiya ta wannan jihar, wajen 1 ga Yuni. An kafa jihar a 1956, harshenta Malayalam, kuma a ƙidayar 2011 ita ce kan gaba a karatu, don kusan kashi 94 cikin ɗari na mutanenta sun iya karatu da rubutu. Masu yawon buɗe ido suna zuwa don kwale-kwalen kwana na Alappuzha, da gonakin shayi na tsaunin Munnar, da magangarar ruwa ta Athirappilly wadda ta tuna mini tamu ta Matsirga, illa dai tasu tana da hanya mai kyau da masu kula da ita. Abinci shinkafa ce da kifi a kan ganyen ayaba, kuma saɓanin jihohi da yawa na arewa, naman shanu a fili ake sayar da shi.

Abin da ya fi ratsa ni a Kerala zaman addinai ne. Hindu sun ɗan wuce rabi, Musulmi sun haura kashi ɗaya cikin huɗu, Kiristoci kusan kashi 18 cikin ɗari. Kiristocinsu suna danganta asalinsu da manzo Toma, wanda al'adarsu ta ce ya sauka a gaɓar nan a shekara ta 52. Musulminsu suna nuna masallacin Cheraman a Kodungallur a matsayin na farko a ƙasar, wanda ake cewa an gina shi a 629. Fatake ne suka kawo addinan nan biyu ta teku, suna neman masoro da citta. Indiya ta ga nata tashin hankalin addini, a Gujarat a 2002, a Delhi a 2020. Amma a unguwar Mattancherry ta birnin Kochi na ji kiran salla da ƙararrawar coci da kiɗan ɗakin bautar Hindu cikin yini guda, ga kuma majami'ar Yahudawa ta 1568 a ƙarshen wani lungu. Mu da muka ga rikicin 1987 da na 2011 a Kafanchan, muka ga unguwanni sun rabu, ba za mu wuce irin wannan ba tare da mun tsaya ba.

Kayan yaji ne suka jawo duniya nan. Ibn Battuta, wanda daga baya ya iso Takadda a ƙasar Nijar ta yau a 1353, ya tarar da jiragen ruwan Sin 13 a tashar Kalikut ta Kerala a shekarun 1340. Vasco da Gama ya sauka kusa da wannan garin a 1498, ya mutu a Kochi a 1524. Turawan Fotugal sun kawo bayi daga Afirka, kuma har yau a Mattancherry akwai 'yan wurare a jikin bango inda mazauna ke kunna kyandir don tunawa da su, suna kiran su Kappiri.

Sai citta. Indiya ce ta fi kowace ƙasa noma ta, kuma sunan Kochi da Kalikut sun daɗe da zama sunayen nau'in busasshiyar citta a kasuwar duniya. A farfajiyar tsofaffin sitocin Mattancherry ana wanke ta da ruwan farar ƙasa, a shanya ta a rana har ta yi fari fat, mata suna zaune suna tsince ta, ƙamshin yana sa baƙo atishawa tun daga ƙofa. A Kochi hukumar kayan yaji ta ƙasa take, a Kalikut kuma akwai cibiyar bincike da ke aikin iri da cututtukan waɗannan amfanin gona. Na tuna daminar 2023, lokacin da cutar ruɓa ta share gonakin Kachia da Jaba da Kagarko da Jama'a, manoma suka wayi gari ba amfani ba iri.

Kamfanonin Kerala suna tatsar mai da sinadarin yaji daga citta su sayar wa masu yin abinci da magani a Turai da Amurka, kuma wani ɓangare na cittar da suke tatsa daga Najeriya suke sayo ta, saboda tamu ta fi zafi da mai. Mu muna tsaga ta, mu shanya a kan duwatsu da gefen titi, dillali ya auna ya loda zuwa Legas, ribar tatsa ta faɗa hannun wasu.

Wani ɗan kasuwa a ɗaya daga cikin sitocin ya tambaye ni ƙasarmu. Da na ce Najeriya, sai ya shiga ciki ya ɗebo tsagaggiyar citta a tafin hannunsa, launin ƙasa-ƙasa, ba farar ƙasa a jikinta. Na karya ɗaya na shinshina. Na gaya masa a gida iri biyu muke shukawa, tafin giwa da yatsun biri, na kwatanta masa ma'anar sunayen da hannuna. Ya ɗauko biro ya ce in rubuta masa su a bayan littafin lissafinsa, tare da sunan garin da na fito.