Kafanchan, Garin Da Ba Shi Da Hatimin Kansa

Yau ina so mu taɓa wani zance da ya daɗe yana yi mini yawo a zuci tun da na tare a Kafanchan, wato zancen hatimi, ko tambari kamar yadda wasu ke cewa.

Ni haifaffen Zangon Kumasi ne a ƙasar Gana, fataucin goro ne ya kai kakanninmu can daga ƙasar Kano. A Kumasi ba sai an gaya wa yaro alamar garinsu ba: beguwa ce, wadda Asante ke kira Kotoko, ita ce ma a ƙirjin rigar 'yan ƙwallon Asante Kotoko. Ko mu 'yan zango da ake yi wa kallon baƙi, in muka ga beguwar nan a wata ƙasa sai gida ya faɗo mana a rai. To da na zo nan sai na shiga neman irin wannan alama ta Kafanchan a takardu da allunan bakin hanya, ban samu ba. Dalilin kuwa shi ne a tsarin Nijeriya ƙaramar hukuma ke da ofis da hatimi, shi gari ba ya da hukumar kansa. Kafanchan hedikwatar ƙaramar hukumar Jama'a ce, saboda haka sunan Jama'a ke fita a takarda.

Amma rashin hatimin kansa bai hana garin ganin hatimai ba. Kalmar ma daga Larabci ta zo, kuma tun zamanin daular Sakkwato sarakuna na buga hatiminsu a wasiƙa domin wanda aka aika wa ya tabbatar daga fada ta fito. Masarautar Jama'a ta kafu a farkon ƙarni na 19 tana bin Zazzau, sai a 1933 fadarta ta dawo Kafanchan, bayan da layin dogo ya mayar da wurin gari. Kafin layin dogo da fadar duka, akwai mutanen Fantswam, waɗanda daga sunansu aka samo sunan garin.

Hatimin da ya fi ba ni mamaki shi ne na Turawan mulki. Da Gwamna Lugga ya haɗe Kudu da Arewa a 1914, alamar da aka sa wa sabuwar ƙasar ita ce tauraro kore mai tsini shida a kan jan da'ira, da kambin Sarkin Ingila a tsakiya. Shi Lugga da kansa ya rubuta daga baya cewa ya ga zanen ne a jikin wani kofin tagulla da ya faɗo hannunsa lokacin da aka ci Kwantagora da yaƙi a 1901. Ka ji fa, mai karatu: kayan sarkin da aka ci da yaƙi ne ya zama alamar wanda ya ci shi. Malamanmu sun san zanen nan da sunan hatimin Annabi Sulaimanu, maƙwabtanmu Kirista kuma in sun gan shi sai su ce tauraron Dauda. Shi ne a jikin kwabo da anini masu huda a tsakiya, masu rubutun Larabci, waɗanda aka kashe a Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya. Kakata a Kumasi tana da irinsu a cikin wani tsohon gwangwani, kuma irinsu ne ma'aikatan reluwe suka riƙa cefane da su a kasuwar Kafanchan.

A 1960 tauraron ya sauka daga tuta, aka kawo tambarin da muka sani yau: baƙar garkuwa mai nuna albarkar ƙasar noma, da farin zane mai rassa biyu wanda ke nuna haɗuwar kogin Kwara da na Binuwai a Lakwaja, da fararen dawaki biyu, da jar mikiya a sama. Taken da ke ƙasa, mai maganar haɗin kai da imani da zaman lafiya da ci gaba, a 1978 aka sa shi. A zamanin Sardauna kuma dagin Arewa ya zama alamar yankin baki ɗaya. Dagin nan kyakkyawan zane ne, muna ganinsa a wuyan babbar riga da bangon soraye a Zariya, amma zama a nan ya koya mini cewa ba kowane Bajju ko Atyap ko Ham ke ganin kansa a cikinsa ba. Duk hatiman nan daga wani wuri aka zana su aka kawo wa garin.

Shi ya sa nakan tambayi kaina: in da za a ce yau a zana wa Kafanchan hatimi, me za a sa? In ka sa rawani da doki, wani zai ce ka ba wa fadar Jama'a garin. In ka sa alamar sarautar Fantswam, wadda aka ba matsayinta a zamanin Gwamna Ahmed Maƙarfi, wani zai ce ka kore shi daga garin da aka binne kakansa. Garin da ya ga rikicin Kwalejin Ilimi a watan Maris na 1987, ya ga na naɗin sarki a 1999, ya kuma ga kasuwarsa ta ƙone bayan zaɓen 2011, ba wurin da za a yi wasa da alama ba ne.

Akwai dai abubuwan da ba su cika jawo gardama ba. Ga magangarar ruwa ta Matsirga, ga citta wadda ta kai sunan kudancin Kaduna kasuwannin duniya. Ga kuma gumakan yumɓu na Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928. Ɗaya daga cikin mafi shahara ma a ƙasar Jama'a aka same shi, wani ma'aikacin kuza ya kafa shi a gonar doya yana korar tsuntsaye da shi, kafin a kai wa Bernard Fagg a Jos a 1943. Waɗanda suka ƙera shi sun rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce, sun girmi duk wata gardamar wa ya riga wa zuwa.

Amma ni in an ba ni alƙalami, mahaɗar layin dogo zan zana. Layin da ya taso daga Fatakwal ya ratsa Inugu da Makurɗi, a Kafanchan ya rabu biyu tun 1927, reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau Jos. In ka zana shi a takarda, kamarsa ɗaya da rassan Kwara da Binuwai na jikin garkuwar ƙasa. Shi ne ya tara Ibo da Yarbawa da Hausawa da mutanen ƙauyukan kewaye wuri guda, kowa da abin da ya kawo shi. Yau tashar ta yi shiru, ciyawa ta rufe dogo, amma kusan duk tsohon gida a garin yana da labarin wani nasa da ya ci abinci a reluwe.

Sai dai akwai wani hatimin da ya fi duk waɗannan ƙarfi, ɗan ƙarami ne na roba, wanda ake bugawa a takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma. A duk faɗin ƙasar nan, da shi ake neman gurbin karatu, da shi ake shiga soja ko aikin gwamnati. 'Ya'yana a nan aka yanke musu cibi, ba su san wani gari ba, amma in ranar ta zo za a ce su nemo takarda daga inda kakan kakansu ya baro da jakunan fatauci. A Kumasi mu 'yan Nijeriya ne, a nan kuma 'yan Gana. Na kuma fahimci tsoron ɗaya ɓangaren: ƙananan al'ummomi ne masu ganin in aka buɗe ƙofar nan gonakinsu da ɗan gurbin da suke samu za su suɓuce musu. Tsoron nasu gaskiya ne, kukan namu ma gaskiya ne.

Saboda haka ban ga laifin Kafanchan ba da har yanzu ba ta da hatimi. Zane ba shi da wuya, kowane mai fenti a bakin kasuwa zai yi shi a yini guda. Abin da ke da wuya shi ne mutanen gari su yarda a kan su wane ne 'yan garin. Ranar da aka daidaita wannan, ko dogo aka zana ko citta, kowa zai karɓa.

Allah Ya zaunar da mu lafiya. Sai mun sake haɗuwa.