Tsohon Safo da burtalin arewa

A gefen garin Safo akwai wani tsoho makiyayi. Yanzu ƙafa ta gaji, ba shi zuwa nesa. Amma sau da yawa cikin rayuwarshi ya kora shanu tun daga bakin Gulbin Maradi har Ingal, ya komo, duka a ƙasa. Ko a miƙe anka auna, tsakanin nan da can ya hi kilomita 350. Ita ko saniya ba ta san miƙewa ba, inda ciyawa take nan take bi.

Shina tashi ne in ruwan shuka ya sauka. Hatsi ya tsiro, wuri ya ƙuntata, zaman dabba kusa da gona ya zama neman magana. Sai ya ɗaura kaya bisa jaki: tabarma, salka, tukunya, garin hatsi. Sanda a kafaɗa, malfa a kai, sai arewa.

Kwanakin farko su ne masu wuya. Daga Maradi har wajen Kornaka da Dakoro gona ce dama, gona ce hagu, burtali a tsakiya kamar zare. Makiyayi ba ya barci da ido biyu. Saniya guda in ta kauce, sai gaban hakimi.

In an wuce kwarin Tarka sai ƙasa ta buɗe. Nan tsohon yake jan labari, ba ya son a katse shi. Tudu bayan tudu, ciyawa sabuwa, tabkuna cike. Su bar dajin Gadabeji, wanda gwamnati ta keɓe tun 1955, su hau tudun Tadres. Can rijiya tana da zurhi ƙwarai, sai da raƙumi ko sa ake jan guga, shi ya sa tahiyar ba ta yiwuwa sai da damina, sa'ad da tabki ke shayarwa. Wata rana su yi yini ba su ga mutum ba. Abinci nono ne, hatsi kuwa ana tattalinshi. Daga nan sai gangaren Tigidit, dutsi ja mai tsawo. Ranar da ya fara tsayawa bisanshi, yaro ne. Ya duba ƙasa, ya ga hili ba iyaka, shanun mutane kamar tururuwa. Ya ce ranan nan ya manta da kaushin ƙafarshi.

Abin da ke kai su can gishiri ne. Ƙasar Ingal da Tegidda tana da gishiri cikin ruwa da cikin ƙasa. Dabba ta sha, ta lasa, cikinta ya wanke, jikinta ya murje. Wajen watan Satumba ake babban taro a Ingal, Abzinawa da Fulani da baƙi daga ko'ina. Shi dai taron bai dame shi ba, shanunshi yake kallo.

Komowa ita ce abin tsoro. Tabkunan arewa sun ƙahe, karangiya ta bushe, dole a gangaro. A kudu kuwa ba a gama ɗaure damma ba, wake na kwance cikin gonaki. A irin wannan lokaci ne anka yi abin Toda, cikin ƙasar Gidan Rumji, a watan Oktoba 1991, inda mutum sama da 100 sunka mutu, galibi mata da yara. Tsohon ba ya faɗin sunan garin nan sai ya yi shiru tukuna.

Doka ba ta rasa ba. Tun 1961 anka ja iyakar noma ta arewa. A 1993 anka kafa dokar karkara, wadda ta kawo kwamitocin kula da ƙasa, waɗanda ake kira Kofo. A 2010 wata doka ta ce yawon kiwo haƙƙin makiyayi ne, burtali kuma na ƙasa ne, ba mai ikon nome shi ko sayar da shi. Wurare da dama an kakkafa turakun siminti gefe da gefe. Amma turke ba ya da baki. Bana a ci taki ɗaya, baɗi taki biyu.

Gaskiya manomi ma da hujjarshi. Gonar da uba ya ci da gida guda, yau ɗiya biyar ke rabonta. Tsohon ya san haka, don shi ma shina da ƴar gona a fadama, kuma an taɓa yi mishi ɓarna, ya ji zahi. Makiyayin da ya saki dabba cikin hatsi da dare, shi da kanshi ba ya kare shi.

Bara ɗanshi ne ya tahi da garken. Da ya komo ya ce wani masauki da suke kwana tun zamanin kakanshi ya zama gonar gero. Sunka yi dare suna tahiya, maraƙi guda ya kasa, anka yanka shi. Tsoho ya tambaye shi ko ya kai maganar gaban Kofo. Ya ce bai san ƙofar da ake bi ba.

Shi ya sa da rani yaron ya shiga ajin yaƙi da jahilci. Da dare uban ya zauna shina lissafa mishi masaukai, da tabkuna, da rijiyoyi, daga Safo har Tigidit, shi ko shina rubutawa sannu sannu cikin kaye. Sun kai Dakoro. Saura arewa, ga shi gajimare ya fara haɗuwa gabas.