Zuwa Ga Babangida, Kafin A Ɗaura

Babangida,

 

Ranar da aka kai lefenka na ji ka a zaure kana gaya wa abokanka cewa dokar hana cin zarafi da Gwamna Bala Mohammed ya sa wa hannu a 2020 ta Turawa ce, an kawo ta ne don mata su riƙa jan mazajensu zuwa caji ofis. Ban tanka ba, don ba a gyara wa ango zance a gaban abokansa. Amma da yake ba kai kaɗai ke faɗin haka ba, a majalisun samari daga nan Ɗan Iya har Wunti maganar ke nan, na ga gara in amsa maka a fili, su ma su ji.

Ka san da aikin jinya na raine ku. Akwai abin da ban taɓa kawo muku hirarsa gida ba. Mace za ta shigo da dare, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ce santsi ne ya kwashe ta a banɗaki. In na ɗaga mayafin sai in ga shatin yatsu a wuya, ko kunne yana zubar da jini saboda mari ya fasa dodonsa. Wata da cikin wata shida aka kawo ta, jini na zuba, mijin yana tsaye a bakin ƙofa yana amsa duk tambayar da aka yi mata. Mu ɗinke, mu ba da magani, da safe 'yan'uwanta su zo su ce a rufa asiri, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Bayan wata biyu sai ga ta ta dawo. Akwai wadda ta daina dawowa, sai labarin jana'izarta muka ji.

A wancan lokacin, ko ta kai ƙara, doka ba ta tare da ita sosai. Kundin hukunta laifuka da Arewa ta gada tun 1960 yana da sashe na 55, wanda ya ce ba laifi ba ne miji ya “ladabtar” da matarsa in al'adarsu ta yarda, muddin bai yi mata mummunan rauni ba. A cikin ma'aunin mummunan raunin kuwa har da ciwon da zai kwantar da mutum kwana 20. Ka ga ke nan mai kwana goma sha tara a kwance ba ta cika mudu ba. Wannan kundi kuwa Turawan mulkin mallaka ne suka bar mana shi. In dokar Turawa kake ƙi, da wannan sashe ya kamata ka fara.

Addininmu bai bar mace a hannun mai duka ba. Nana A'isha ta shaida cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace ko hadimi ba. A mazhabar Malikiyya da alƙalanmu ke hukunci da ita, matar da ta tabbatar miji yana cutar da ita tana da haƙƙin alƙali ya raba auren, ba sai ta biya kuɗin khul'i ba. Mata nawa ne a unguwar nan suka san haka? Sarki Muhammadu Sanusi II ya faɗa a wani taro a Jami'ar Bayero a Disamban 2024 cewa binciken da ya yi a kotunan shari'a tara na Kano ya nuna kashi 45 cikin 100 na ƙararrakin cutarwa sun shafi dukan mata da cin zarafi a gida. Waɗannan ma su ne suka iya kai kansu gaban alƙali. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya gano fiye da rabin matan da aka ci zarafinsu ba su taɓa neman taimakon kowa ba.

Ita dokar da kake zagi, Shugaba Jonathan ne ya fara sa mata hannu a Mayun 2015, amma Abuja kaɗai take aiki sai jiha ta karɓe ta. A ta tarayyar, dukan abokin zaman aure zai iya kai mutum ɗaurin shekara uku, haka ma wanda ya watsar da iyali ba ci ba sha. Korar mata daga gida da ƙarfin tsiya laifi ne. Abin da ya fi kama raina shi ne umarnin kariya: alƙali ya hana mai dukan kusantar wanda yake duka tun kafin a gama shari'a. Kuma ba mata kaɗai take karewa ba. Ba mu manta da Bilyaminu Bello ba, wanda ya rasa ransa a hannun matarsa a Abuja a 2017.

Kada ka ɗauka na gamsu da inda muke. Dokar tana nan a takarda, amma matar da ta tsere da tsakar dare da goyo, ina za ta kwana? In ta je kai rahoto aka ce mata maganar gida ce, ku je ku sasanta, ko aka nemi kuɗin mai, ita da ko kuɗin cefane ba a bar mata ba, to an mayar da ita hannun wanda ta gudo wa. Ina roƙon majalisar jiharmu ta ware kuɗi a kasafi don gidajen fakewa, a sa takardar shaidar likita ta zama kyauta, a ajiye 'yan sanda mata masu horo a kowane ofis. A karanta dokar da Hausa a rediyo, sashe-sashe. A zaunar da masu unguwanni da limamai, don wurinsu ake fara kai kuka, su san inda sulhu ya tsaya. Sulhu yana da kyau a kan saɓanin baki da yaji. In an kai ga karaya ko shaƙe wuya, an wuce wurin. Duk jihar da har yau take ɗauke da sashe na 55 kuma ta goge shi.

Mu iyaye ma da namu. Mu ne muke cewa yarinya ta koma ɗakinta tun kumburin idonta bai saɓe ba, don kada a ce 'yar gidan wane ta kasa zaman aure.

Ban taɓa ganin ka ɗaga wa ƙannenka hannu ba, kuma ina kyautata maka zato. Amma ga abin da na yanke, zan kuma faɗa wa amaryarka da bakina ranar da aka kawo ta. In ranka ya ɓaci, ka ɗauki hularka ka fita masallaci, ko ka zo nan ka huce. In kuwa ta shigo mini gida da shatin hannunka a jikinta, ba zan ba ta haƙuri in mayar da ita ba. Ni zan raka ta asibiti a rubuta abin da aka gani, in alƙali ya nemi shaida ni zan tsaya. Ka karanta wa abokan naka wannan, sannan ka zo ranar Juma'a bayan la'asar mu yi maganar ido da ido.

Mahaifiyarka,
Ɗan Iya, Bauchi