Samari huɗu, kaset ɗaya da mai tebur a kasuwa

Yau hirar tamu za ta kai mu nesa, har Amurka, wajen wani kiɗa da ba kasafai ake jin shi a gidajen radiyonmu ba. Sunanshi hebi metal, ma'ana ƙarfe mai nauyi. Gitar lantarki ce ake buɗe ma murya har ƙarshe, ganguna suna gudu kamar ana korar su, mawaƙi kuma yana ɗaga murya har jijiyar wuya ta fito. Wanda ya san yadda kiɗan ƴan tauri ke tada tsikar jiki ya san kaɗan daga abin da masu son shi ke ji. Da yawa cikinmu za su ce hayaniya ce kawai, kuma ba mu zo gardama ba. Labarin faifan farko na wasu samari ne ya kawo mu, don akwai abin da ya shafi yaranmu a ciki.

A 1981, a birnin Los Anjales, wani yaro ɗan ƙasar Danmak mai suna Lars Ulrich ya sa sanarwa a jarida yana neman abokan kiɗa. James Hetfield ya amsa, suka kafa ƙungiya suka sa mata suna Metallica. Babu kamfanin da ya san da zamansu, manyan gidajen radiyo ma ba su sa irin kiɗansu, wai ya yi sauri kuma ya yi kaushi da yawa. A 1982 sai suka ɗauki waƙoƙi bakwai a kaset na gwaji. Lars ya dinga kwafa yana rabawa. Masu son wanga kiɗa a lokacin suna da wata al'ada: ka kwafi abin da kake da shi ka aika ma wani ta gidan waya, shi kuma ya aiko maka nashi. Haka kaset ɗin ya bi hannu-hannu har ya ƙetare Amurka daga yamma zuwa gabas.

Can a jihar Niyu Jasi akwai wani mutum, Jon Zazula, shi da matarshi Marsha, masu ɗan shagon sayar da faya-fayai a cikin kasuwar ƴan tebur. Kaset ɗin ya faɗo hannunshi, ya saurara, ya ce lallai sai ya ga yaran nan. Ya aika musu kuɗin hanya, suka yi hayar motar kaya suka taho. Sun ɗan zauna gidanshi, daga baya suka koma kwana a ginin da suke gwajin kiɗa a Niyu Yok, abinci ma sai an taimaka. A cikin wannan hali ne, watan Afrilu 1983, suka sallami mai gitarsu Dave Mustaine saboda shaye-shaye da faɗa, suka ɗauko Kirk Hammett. Saura wata ɗaya su shiga sutudiyo.

Zazula ya zagaya kamfanoni da kaset ɗin, kowa ya ce a kai kasuwa. To, da ya ga haka, sai shi da matarshi suka buɗe nasu ƙaramin kamfani, Megaforce. Aka shiga sutudiyo a garin Rocesta a watan Mayu 1983, cikin sati biyu da ƴan kwanaki aka gama waƙoƙi goma, a kan kuɗi kamar dalar Amurka 15,000, abin da ya kusa karya Zazula. Sunan da samarin suka so sa ma faifan ashar ne, wanda ba za mu maimaita ba a nan, masu rarraba kaya suka ƙi. Cikin fushi da su ne mai gitar bas, Cliff Burton, ya furta maganar da ta zama sunan faifan, Kill 'Em All, wato a gama da su duka. Ya fito ranar 25 ga Yuli 1983. James da Lars suna da shekara 19, Kirk 20, Cliff 21.

Faifan bai yi tashe nan take ba. Samarin suka shiga mota suna bin ƙananan gidajen rawa gari-gari, masu kaset suna ci gaba da yaɗa labari. A 1984 babban kamfani Elektra ya ɗauke su. Zuwa 1999 wannan faifai da kowa ya ƙi an sayar da kofi miliyan 3 nashi a Amurka kaɗai.

Mu nan Nijar wanga labari bai kamata ya zama baƙo ba, don mun ga irinshi da idonmu. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, da wayar birkin keke ya haɗa gitarshi ta farko. A 2008 ya je Sakkwato ya ɗauki faifanshi na farko, Anar. Ba kamfani ne ya yaɗa shi ba: daga salula zuwa salula ya bi, ta bulutut da katin memori, a fada da tasha da cikin motocin da ke ratsa sahara. Ta haka wani Ba'amurke, Christopher Kirkley na Sahel Sounds, ya ji waƙarshi, ya sa ta cikin tarin waƙoƙin salula da ya fitar, ya kuma nemo mai ita. Yau Mdou yana wasa a manyan dandali na Turai da Amurka. Kaset ɗin Metallica da katin memorin Mdou aiki ɗaya suka yi.

Sai dai labarin yana da ɗaya gefen. A shekara ta 2000 Metallica ɗin nan, waɗanda kwafe-kwafe ya ɗaga, su ne suka kai Napster kotu, wata manhaja da mutane ke musayar waƙoƙi kyauta ta intanet. Masoyansu da dama suka ji haushi, suka ce an ci moriyar ganga an yada kwaurenta. Lars ya kare kanshi da cewa mai waƙa ne ya kamata ya yanke yadda waƙarshi za ta fita. Mu a ganinmu kowane ɓangare yana da tashi gaskiyar. Kaset ɗin 1982 da hannunsu suka raba shi, don suna neman a san su. Abin da ya faru a 2000 ba a tambaye su ba. Kwafi yana fito da sunan mawaƙi, amma ba ya biyan kuɗin sutudiyo, ba ya gyara gitar da ta lalace. Kuma ku lura: sai a 2012, kusan shekara 30 bayan faifan farko, asalin ɗaukar waƙoƙinsu ya dawo hannunsu gaba ɗaya.

To ina namu? Yaro ya tara jaka-jaka daga kabu-kabu ko ɗinki, ya shiga sutudiyo, waƙa ta fito. Kafin sati ta shiga kowane WhatsApp, mai tura waƙoƙi a kasuwa ya ci nashi, ana kaɗa ta a biki, shi kuwa sai yabo. Wani lokaci ma sunanshi ya ɓace daga kan waƙar tun hannu na uku. Bayan shekara biyu ya gaji ya bari, mu kuma mu zauna muna cewa yaran yanzu ba su da juriya.

Abin da Metallica suka samu, wanda yaranmu suka fi rasa, shi ne mutum irin Zazula. Ba attajiri ba ne, mai shago ne da ya ji abu ya yarda da shi ya zuba kuɗinshi. A kasuwar Maraɗi ko ta Dole a Damagaram akwai masu ƙarfin da ya fi nashi. Mu ma da ke riƙe da makurufo muna da namu nauyi: mu sa waƙar sabon yaro ko ba mu saba da salonta ba, mu faɗi sunanshi da garinshi kafin waƙa da bayanta, kuma kada mu jira sai Turawa sun yabe shi.

Ku kuma samari masu kiɗa, ko rap kuke, ko gitar, ko gurmi: ku raba waƙa ɗaya ko biyu kyauta don a san ku, amma da sunanku da lambarku a jiki. Ku yi rajistar ayyukanku a BNDA, ofishin kare haƙƙin mawallafa. Duk wanda zai biya muku sutudiyo, ku rubuta takarda tun farko, a san wa ke da asalin ɗauka kuma har shekara nawa. Abota daban, takarda daban.

Idan a unguwarku akwai yaran da suka gama faifansu na farko yana kwance cikin salula, ku rubuto muna sunan ƙungiyar da garinsu. Za mu saurara, mu sa a shiri. Allah ya ba mai rabo sa'a, ya bar mu tare.