Neman lasifikar Baba a Titin Sultana

Duk wanda ya taɓa sallar Juma'a a farfajiyar Masallacin Annabi (SAW) zai gane abin da nake nufi. Kana can ƙarshen sahu, ƙarƙashin lemomin nan 250, amma karatun liman yana iso ka kamar a gefenka yake tsaye. Babu ƙara mai tsaga kunne, kowane harafi da gurbinsa.

Wannan sautin na tuna ranar da Baba ya kira ni daga Zariya. Tun da idonsa ya yi rauni ya daina duba Alƙur'ani, sauraro kawai ya rage masa, ga shi rediyonsa tana cakuɗa masa haruffa. Ya ce, "In za ka zo hutu, ka taho mini da abin da zan ji karatu sosai." Ɗan abin da na tara daga alawus ɗin Jami'ar Musulunci ne a hannuna, in na yi zaɓen tumun dare, babu na sake saye.

Bayan isha'i na nufi Titin Sultana, inda shaguna ke ci har tsakar dare. A shagon farko aka kunna mini wani ƙaton akwati mai walƙiya, kiɗa ya girgiza mini ƙirji. Da na sa karatun Shehu Ali Huzaifi daga wayata, sai muryar ta fito kamar daga cikin randa.

A shago na biyu na dace da wani Bahaushe haifaffen Madina, wanda kakanninsa suka zo aikin Hajji a ƙasa suka zauna. Ya cire ragar gaban wata ƙaramar lasifika ya nuna mini bakunanta. Babban, wato wufa, shi ke fitar da sauti mai kauri. Ƙaramin na sama, tuwita, shi ke da siririn sauti. A ciki kuma akwai na'urar da ke raba wa kowanne aikinsa. Ya ce, "Malam, kunnen ɗan'adam yana ji daga hatiz 20 zuwa 20,000, amma tsabtar magana tana wajen 2,000 zuwa 4,000. Can sama tsufa ke fara cinye ji. In wufa ta danne wurin, Baba ba zai rabe sin da sad ba."

Ya ba ni shawara uku: in gwada da muryar da na sani, in rage sauti ƙasa in ji ko haruffa suna nan, in kuma duba wat na RMS, in rabu da ƙatuwar lambar da ake bugawa a kwali. Ya tuna mini cewa a 2021 hukumomin Saudiyya sun umarci masallatai su taƙaita lasifikar waje a kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta. Ya yi murmushi ya ce, "Ka taɓa rasa jin kiran salla?"

Na sayi ƙanana guda biyu da amfilifaya, na naɗe su cikin bargo har gida. Daren da na haɗa su a ɗakin Baba, na kai hannu zan ƙara sauti, sai ya riƙe ni.

"Bar shi haka. Ina jin gunnar."