Bashin da Ya Riga Albashi Zuwa

Ranar da ta karɓi digirinta na ilimin haɗa magunguna, mahaifinta ya ajiye tasinsa tun da hantsi, ya sa babbar riga, ya yi ta buga waya Kumasi yana cewa 'yarsa ta zama dakta. Shekara talatin ke nan yana tuƙi a birnin New York. Ita kuwa murmushi take yi, amma zuciyarta na kan wata takarda da ta bari a ɗaki, wadda ke nuna ana bin ta kusan dala 170,000. Ba ta yi almubazzaranci ba. Kimanin haka ne takwarorinta da suka ci bashin karatu suke fita da shi a Amurka.

Bashin gwamnati na masu karatun gaba da digirin farko ba ya jiran mutum ya gama. Kuɗin ruwa yana fara hawa tun ranar da aka ba da shi, kuma wanda ta karɓa a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 ruwansa ya haura kashi 8 cikin 100. Duk wanda ya raɗa wa abin nan suna "kuɗin ruwa" ya san aikinsa, don cikin dare yake taruwa. Ta lissafa a bayan ambulan: ruwan kaɗai zai iya cinye fiye da dala 1,000 a wata, uwar kuɗin tana nan ba a taɓa ta ba. Wata shida kacal aka ba ta kafin ta fara biya.

Lokacin da ta shiga, an gaya mata sana'a ce da ba a rasa aiki a cikinta. Maganar ta taɓa zama gaskiya. Sai dai makarantun wannan fanni, da suke kimanin 80 a shekarar 2000, sun haura 140 cikin shekara ashirin, kowace tana yaye ɗalibai. Can kuma manyan kantunan magani suna ja da baya: Rite Aid ya bayyana karyewarsa a 2023, Walgreens kuma ya sanar a 2024 cewa zai rufe rassa 1,200.

Hanya biyu ce a gabanta. Kanti zai biya ta sama da dala 100,000 a shekara tun daga farko, ta wuni a tsaye tana cika takardun magani da yin allurar rigakafi. Asibiti, inda ranta yake so, sai ta yi horon shekara ɗaya ko biyu a kan albashin da bai fi rabin wancan ba, ruwa kuwa yana ta hawa. Akwai dokar 2007 da ke yafe ragowar bashi ga wanda ya biya sau 120 yana aiki da gwamnati ko asibitin da ba na neman riba ba, amma wannan jinginar da shekara goma ce a kan alkawarin 'yan siyasa.

Da dare ta nuna wa mahaifin takardar. Ya daɗe yana kallon lambar, sannan ya tambaya ko da ruwa a ciki.

"Akwai, Baba," ta ce.

Ya yi shiru, ya naɗe takardar, ya ce ta nemi asibitin, kuɗin haya shi zai ci gaba da biya. Washegari da asuba ya fita da tasi.