Daga Maitumbi Zuwa Zarku

Ku da kuke rubuta labarai a WhatsApp da Wattpad, da ku da kuke karantawa har cajin waya ya ƙare, ina da magana a kan sunayen da ake raɗa wa taurarin labaran nan. Za ka ga an kafa gida a Jega, uba falke ne mai kai albasa Kudu, uwa tana sayar da ƙuli, amma ɗansu Aryan, budurwarsa Meenal. Kowa da ikonsa a kan alƙalaminsa, na yarda. Abin da ke damuna shi ne asarar da marubucin yake yi bai sani ba.

Mu fa mutane ne da sunanmu yake ba da labari tun kafin mai shi ya buɗe baki. In aka ce Tanko, ka san mata yake bi. Delu ta zo bayan maza, Gambo ya biyo tagwaye, Anaruwa ya faɗo ana tsuga ruwa. In kuwa aka ce Ajuji, to ka san akwai uwa da ta sha binne 'ya'ya, har aka kai wannan kan juji aka ajiye, aka sake ɗauko shi, ko Allah zai sa ya tsaya. Marubucin da ya kira tauraronsa Ajuji ya riga ya gaya mana fargabar gidan da shagwaɓar yaron, ba tare da ya ɓata shafi ba. Me Aryan ya gaya mana?

Magabatanmu sun san wannan sarai. A 1975 Bala Abdullahi Funtuwa ya mayar da littafin George Orwell zuwa Hausa, ya kira shi Gandun Dabbobi. A na Turanci sunan azzalumin aladen Napoleon, saboda Bature na jin sunan zai tuna da sarkin yaƙin Faransa. Manomi a Maiyama ba ruwansa da wannan tarihi, don haka Malam Bala ya ce Maitumbi. Shi ke nan, kowa ya gane mai cinye na jama'a. Aladen da ke zagayawa yana gyara ƙarya ya zama Karambana, dokin da ya ƙare ƙarfinsa a bauta ya zama Akawal, mai gonar kuwa Nomau. Ni a ganina Maitumbi ya ma fi na asalin cizo, don ba sai ka je makaranta za ka ji zafinsa ba.

Ahmadu Ingawa ya bi wata hanyar a Iliya Ɗan Maiƙarfi, wanda ya fito a 1951. Labarin wani jarumin Rasha ne, Ilya Muromets. A nan sautin ya lanƙwasa don ya zauna a bakin Bahaushe: Vladimir ya koma Waldima, birnin Kiev ya koma Kib. Amma da ya zo kan doki sai ya ba shi suna na gida tsantsa, Ƙwalele, har sunan ya fita daga littafi ya shiga maganar yau da kullum. Da yawa cikinmu mun girma muna zaton Iliya ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Hausa.

Masu kallon fim ɗin Indiya ma haka suka yi ba tare da wani ya koya musu ba: Dharmendra suka ce Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin.

To, ina ga wanda ya ƙirƙiro ƙasa da yarenta daga kansa? Nan aikin ya fi wuya. Tolkien, malamin harsuna a jami'ar Oxford ta Ingila, ya fara gina yaruka ne, sannan ya gina labari don su sami masu magana da su. A littafinsa da ya fito tsakanin 1954 da 1955 ya nuna cewa shi mai fassara ne kawai, kuma sunan Samwise fassarar wani suna ne a yaren mutanen labarin, Banazîr, dukansu biyu suna nufin mai rabin wayo. Da fassarar Holan da ta Suwidin ba su gamsar da shi ba, sai ya zauna ya rubuta wa masu fassara jagora: wannan suna ku bi ma'anarsa, wancan ku bar shi yadda yake.

Wata ƙanwata da ke karatu a jami'ar Aliero tana rubuta irin wannan labari, na wata masarauta a bakin kogi mai yarenta daban. Da farko zaurance ta yi wa sunayen, irin wanda 'yan mata ke yi su mai da "zo" ya koma "zodo". Ranar da ta karanta wa gwaggonmu babi guda a tsakar gida, gwaggo tana ɓarar gyaɗa ta tsai da ita ta ce, "Ke ɗiyag ga, wanga yaro mi uwatai tag gani tas sa mai wanga suna?" Ƙanwata shiru ta yi. Zaurance ɓoye magana yake yi, ba ya haifar da sabuwa.

Ta koma ta sayi littafin rubutu mai arba'in, ta raba shafi biyu. A hagu ta rubuta abin da ya faru ranar haihuwar kowane mutum a labarin, a dama ta gina kalmar. Ta yanke cewa a yaren nan "zar" ruwa ne, "ku" kuma ɗa namiji, sai Anaruwa ya zama Zarku. Daga nan dokar ta kama ta ita kanta: dole sunan kogin ya ɗauki "zar", dole sarautar mai kula da masunta ta ɗauke shi, kamar yadda muke da Sarkin Ruwa a Argungu. Mai karatu ba ya buƙatar ƙamus, yana cin karo da "zar" sau uku zai gane da kansa.

Inda muka yi ta gardama da ita shi ne sunayen yanka. Ni na ce in mutanen masarautar Musulmi ne, a bar su da Musa da Mahmudu, yadda Abubakar Imam ya bar 'ya'yan nan na Magana Jari Ce, don Bahaushe, Bazabarme da Bafillace duk ba su fassara sunan Annabi ba, lanƙwasa shi kawai suke yi. Ita ta ce masarautarta ta riga zuwan Musulunci yankin, saboda haka kowa sunan haihuwa zai ɗauka, sai baƙin fatake da suka keto Sahara su kaɗai za su zo da sunaye irin namu. Hujjarta ta fi tawa ƙarfi, kuma a haka take ci gaba da rubutun.